Me Ya Sa Likita Ba Ya Taɓa Kai Sai Ya Ga Hoto?

Ƙorafin da ake yawan ji daga iyayen da suka kai yaro mai ruwa a kai Asibitin Malam Aminu Kano shi ne: kan ga shi nan ya kumbura kowa na gani, hoton MRI na mene ne kuma? Wasu har su ce hanyar karɓar kuɗi ce, ai cikin kan ɗan'adam duk iri ɗaya ne.

Wannan maganar ta ƙarshe ce kuskuren. Manomin Garun Malam ya san ruwan Tiga ne ke shiga gonarsa da ta maƙwabcinsa a Kadawa, amma kowace gona da yadda lambatunta ya karkata. Haka cikin kai yake. Ƙwaƙwalwar babba na samar da ruwa kusan rabin lita a kullum, yana bi ta wasu kogunna can ciki, ya ratsa mashigar da ba ta fi milimita 2 ba. In ta toshe, ruwa ya taru, kan jariri ya yi ta girma.

Ɗaya daga cikin magungunan shi ne likita ya zura siririyar kyamara ya huda ƙasan kogo na uku, ruwan ya sami sabuwar hanya. Dakta Benjamin Warf ya inganta aikin a Mbale ta Yuganda, inda ya fara aiki a 2000. Sai dai dab da wurin hudawar akwai babbar jijiyar jini mai ciyar da gindin ƙwaƙwalwa. A wani yaron tana ɗan baya, a wani tana manne da wurin. Bangon kogon wani siriri ne, na wani mai kauri. Taɓa jijiyar na iya zama ajali. Littafi ba ya nuna wannan: shahararriyar taswirar ƙwaƙwalwa ta Talairach ta 1988 ma daga ƙwaƙwalwar mace ɗaya ’yar Faransa aka zana ta. Hoton yaron kaɗai ke nuna nasa.

Masu tsoron na'urar kuwa su sani da maganaɗisu take aiki.

Iyayen na da gaskiya a wuri guda: hoton na da tsada, kuma ba kasafai ake zaunar da su a yi musu bayani da Hausa ba. Uban da zai sayar da buhunan shinkafarsa ya cancanci wannan bayani, gwamnati kuma ya kamata ta ɗauke kuɗin hoton irin waɗannan yara.