Me ya sa ciro tsohon jirgin yaƙi daga ƙarƙashin teku ba shi ne ƙarshen aiki ba?

A ranar 19 ga Yulin 1545, jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Mary Rose ya kife a mashigin Solent, daura da birnin Portsmouth, a lokacin da ya fito tunkarar rundunar Faransa, Sarki Henry na Takwas yana kallo daga gaɓa. Ruwa ya kwarara ta ƙofofin igwa da aka bari a buɗe, ragar da aka shimfiɗa a samansa don hana abokan gaba hawa kuma ta zame wa mutanen ciki tarko. Ɗaruruwa suka halaka, waɗanda suka tsira ba su kai 40 ba.

Shekara 437 jirgin ya yi a ƙasan teku. Abin da ya cece shi taɓo ne. Ɓangaren da ya nutse cikin laka, inda iska ba ta shiga, ya tsira daga tsutsar teku mai cin katako. Ɓangaren da ya rage a fili kuwa ta cinye shi ƙurmus.

Bayan an gano shi a 1971, masu binciken kayan tarihi ƙarƙashin jagorancin Margaret Rule ba su yi gaggawar kwasa ba. Sai an auna wurin da kowane abu yake, an zana shi, kafin a ɗaga, domin inda aka tsinci kaya shi ke bayyana mai shi da sana'arsa. Nan ne suka sha bamban da mafarautan dukiya. Sun fito da kayayyaki fiye da 19,000: bakuna da kibau, takalma, matajan cire ƙwarƙwata, akwatin wanzamin jirgin da kwalaben magungunansa, har da ƙasusuwan kare. Irin waɗannan tarkacen talaka ne littattafan fada ba su damu da rubutawa ba.

An ɗago gangar jikin jirgin a ranar 11 ga Oktoban 1982, kuma daga nan wahalar ta soma. Katakon da ya sha ruwa na ƙarnuka ruwan ne ke riƙe da shi. Da zarar ya bushe sai ya motse, ya tsattsage. Saboda haka aka yi ta fesa masa ruwan sanyi har 1994, sannan wani sinadari mai kama da kakin zuma da ke maye gurbin ruwan, har zuwa 2013, kafin a fara busar da shi a hankali. Jirgin Vasa na Suwidin, wanda ya nutse a 1628 aka ciro shi a 1961, shekara 17 ya yi yana shan irin wannan feshi, amma daga baya aka gano asid na ci gaba da cin katakonsa daga ciki.

Wannan ɗawainiya na daga cikin dalilan da suka sa yarjejeniyar UNESCO ta 2001 ta ce a fara duba yiwuwar barin irin waɗannan jirage a inda suke. Sai dai teku ba ta da maigadi. Jiragen Birtaniya Prince of Wales da Repulse, waɗanda Japan ta nutsar kusa da Malesiya a Disamban 1941, makwanci ne ga sojoji fiye da 800, amma masu neman tsohon ƙarfe sun riƙa farfasa su suna kwashewa.