Akushin da Ke Dawowa a Cike

Ga kacici-kacici. Yarinya 'yar shekara tara, 'yar riƙon ƙanwata a Zuru, da safe ta shanye koko har ta lashe ludayi, da rana ta ci ɗanwake, amma da an sauke tuwon dare sai ka ce an ɗinke mata baki. Wata huɗu akushinta na dawowa a cike, wuyanta duk ya zube. Me ke hana ta?

Tsutsar ciki na fara zargi. Aka ba ta magani, shiru. Maƙwabciya ta ce shawara ce, amma idon yarinya fari tas. Aka gwada jini a asibiti, ba taifod, ba maleriya. Wata tsohuwa ta ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. Ni dai tambaya ɗaya ta hana ni barci: wane irin ciwo ne yake duba agogo?

Ko miyar kuka ce ba ta so? Aka kaɗa kuɓewa. Aka dafa shinkafa. Akushi ya dawo.

Wata Juma'a ƙanwata za ta biki, ta tuƙa tuwo tun la'asar. Yarinya ta cinye. Tuwon nan dai, miyar nan dai!

Washegari bayan magariba na zauna kusa da ita. Ta yanko loma. Babur ya wuce a layi. Hannu ya tsaya. Wani ya sake wucewa. Ta saki lomar.

Daga wani ƙauyen Danko-Wasagu aka kawo ta, ƙaramar hukumar da 'yan sanda suka ce an kashe mutum 88 a harin watan Yunin 2021. Mun san mahaifinta ya rasu a irin wannan hari. Abu ɗaya ne ba mu taɓa ji ba.

"Kawu," ta ce, murya can ƙasa, "Baba ya ce in gama ci mu tafi. Ina cikin ci suka zo a babura. Da ban tsaya ci ba, da mun gudu."

Ashe laifin mutuwar ubanta take ɗauke da shi, ita kaɗai, kowane dare. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan: yaro kan ɗora wa kansa abin da ba hannunsa, kuma firgici kan rufe ciki ko da yunwa na ci.

Ƙanwata ta jawo ta jikinta. "Ba ke ba ce, 'yata. Wallahi ba ke ba ce." Ta yi ta maimaita mata, makonni. Aka mai da tuwo la'asar, ana matso da shi kaɗan-kaɗan.

Jiya bayan magariba babur ya wuce. Ta dube ni, loma a baki. Ta haɗiye.