Gundumar Verdun da Koginta: Yadda Ake Gane Ruwan da Ya Dace da Iyo

Verdun gunduma ce daga cikin gundumomin Montiriyal, birni mafi girma a lardin Kebek na ƙasar Kanada, inda Faransanci ne harshen hukuma. Tana shimfiɗe ne a bakin Kogin Saint-Laurent, wanda ke kwashe ruwan manyan tafkunan Amurka ta Arewa zuwa tekun Atlantika. Mazaunanta sun kai kimanin 70,000, kuma gari ce mai cin gashin kanta kafin a haɗe ta da Montiriyal a shekarar 2002. A watan Yunin 2019 aka buɗe wurin iyo a gaɓarta. Mai karatu zai iya cewa, mene ne abin labari a nan? Abin labarin shi ne, an yi shekaru da dama mutanen gundumar suna kallon kogin amma shigarsa kasada ce.

Kogin da Halittunsa

Kaɗan gaba da Verdun ta wajen da ruwa ke fitowa akwai gangaren Lachine, inda kogin ke gudu da ƙarfi bisa duwatsu. Wannan tumbatsa tana cusa iskar oksijin cikin ruwa, shi ya sa wurin ya zama mahayayyafar kifaye. Daga cikinsu akwai wani babban kifi da mutanen wurin ke kira esturgeon, wanda tsawonsa kan kusanci mita 2. Macensa kan yi shekara 20 ko fiye kafin ta fara zuba ƙwai, kuma ba kowace shekara take zubawa ba. Ke nan ɓarnar da aka yi wa irin wannan kifi a 'yan shekaru, sai an daɗe ƙwarai kafin ta gyaru.

Tushen Matsalar

Har zuwa shekarar 1984, birnin Montiriyal yana zuba ƙazantar gidaje da ta masana'antu ne kai tsaye cikin kogunan da ke kewaye da shi. A shekarar ce babbar matatar ƙazanta da ke gabashin birnin ta fara aiki, amma sai cikin shekarun 1990 aka kammala haɗa ta da unguwannin kudu. Duk da haka da sauran rina a kaba. Kusan kashi biyu cikin uku na magudanan birnin tsohon gini ne, wato bututu guda ke ɗaukar ruwan makewayi da ruwan sama. In aka tafka ruwa mai yawa sai bututun ya cika, rarar kuma ta malala cikin kogi ba tare da an tace ta ba. A watan Nuwamban 2015 ma da gangan hukumar birnin ta saki lita biliyan 4.9 na ƙazanta cikin kwana huɗu domin a gyara wani babban bututu, lamarin da ya ta da ƙura a ƙasar.

Yadda Ake Awon Ruwan

Ido ba ya iya tantance lafiyar ruwa, domin ruwa kan yi garai-garai alhali yana ɗauke da cuta. Neman kowace ƙwayar cuta ɗaya bayan ɗaya kuwa aiki ne mai tsada da cin lokaci. Saboda haka masana suka zaɓi wata bakteriya mai suna E. coli ta zama manuniya. Mazauninta hanjin mutum ne da na dabbobi masu ɗumin jini, kuma yawancin ire-irenta ba sa cutarwa. Amma duk inda aka gan ta da yawa, to najasa ta shiga ruwan, kuma mai yiwuwa ne ƙwayoyin zawo da na ciwon hanta suna tare da ita.

Ga yadda ake yi: a ɗebi mililita 100 na ruwa a tace shi da wata takarda mai ƙananan ƙofofi da ke tare bakteriya. Sai a ɗora takardar bisa abincin da bakteriyar ke so, a ajiye a akwatin ɗumi kimanin awa 24. Kowace ƙwaya mai rai za ta hayayyafa har ta zama ɗigon da ido ke gani, sai a ƙidaya. A ƙa'idar Kebek, in ɗigon ya haura 200, ruwan bai dace da iyo ba.

Sai dai akwai cikas: sakamakon da ya fito yau, labarin ruwan jiya yake bayarwa. Dalili ke nan da ya sa ake rufe wurin iyon Verdun bayan ruwan sama mai ƙarfi, ba tare da jiran ɗakin gwaji ba.

Kammalawa

Shekara 35 ke tsakanin buɗe matatar da buɗe wurin iyon. Ruwa mai gudu yana da ikon wanke kansa, amma fa sai an daina ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ko a Verdun, muddin ruwan sama da na makewayi suna bin bututu guda, yaran gundumar sai sun duba sararin sama kafin su tuɓe riga.