Abin da ya kamata ku sani game da asalin Grendizer

Bahaushen da ya yi zaman neman kuɗi a Fezzan, ko a Sabha ne ko a ƙananan garuruwan dabino irin Samnu, zai iya gwada wannan: ya ambaci Grendizer a gaban Balaraben da ya haura shekara arba'in, ya ga yadda fuskarsa za ta saki. Katun ne na Japan game da wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe mai ƙahoni, kuma da shi yaran ƙasashen Larabawa suka tashi. Sai dai ba da wannan suna ko wannan siffa ya fara ba.

Mai shi Go Nagai ne, wanda ya yi suna da Mazinger Z a 1972, sannan Great Mazinger a 1974. A tsakiyar shekarun 1970 Japanawa sun kamu da zancen jiragen baƙin halittu masu siffar faifai, sai kamfanin Toei ya ga kasuwa. A watan Yulin 1975 ya fitar da gajeren fim na kusan rabin sa'a, Uchu Enban Daisenso, a sinima. Jarumin fim ɗin Duke Fleed ne, yariman da daular Yabarn ta ragargaza duniyarsa, ya gudo duniyarmu ya ɓoye da sunan Daisuke Umon. Mutum-mutuminsa Roboizer yana shigewa cikin jirgin faifai su zama abu guda mai suna Gattaiger.

Wata uku bai cika ba, ranar 5 ga Oktoba 1975, aka fara nuna UFO Robo Grendizer a tashar Fuji TV. An bar yarima da sunansa, an bar dabarar haɗewa da jirgi, amma an sake ƙera mutum-mutumin ya ɗauki kamannin dangin Mazinger. Maƙiya suka koma rundunar Vega. Babban sauyi shi ne shigo da Koji Kabuto, jarumin Mazinger Z, domin a jawo yaran da suka riga suka san shi, waɗanda kuma iyayensu ke sayen kayan wasan kamfanin Popy. Ciniki ne zalla, kuma bai yi wa kowa daɗi ba: yaran Japan da yawa sun ji haushin ganin gwarzonsu ya koma ɗan rakiya, yana tuƙa ɗan ƙaramin jirgi. Isao Sasaki, wanda ya yi muryar Duke a gajeren fim ɗin, shi ma ya sauya aiki: ya rera waƙar buɗe shirin, aka ba Kei Tomiyama muryar jarumin.

Akwai abin da aka ajiye sai can kusa da ƙarshe. A fim ɗin farko, gimbiya Teronna, 'yar sarkin maƙiya, tana son Duke, kuma ta rasa ranta. Wannan labari ne ya dawo a talabijin da sunan Rubina, 'yar sarkin Vega. Shirin ya ƙare a Fabrairun 1977 bayan kashi 74.

A waje ne ya fi yin tashe. Italiya ta nuna shi a Afrilun 1978 da sunan Goldrake, Faransa a Yulin shekarar da sunan Goldorak. A Lebanon aka ɗora masa muryoyin Larabci a ƙarshen shekarun 1970, ana tsakiyar yaƙin basasa. Jihad al-Atrash ya yi muryar Daisuke da Larabcin fusha, Sammy Clark ya rera waƙar.

A ganina, abin da ya kama zukatan Larabawa ba ƙahonin ba ne, ba kuma Koji ba, domin yawancinsu ba su ma ga Mazinger Z kafin nan ba. Labarin ɗan gudun hijirar da aka ƙone ƙasarsa, yake kare mutanen da suka ba shi masauki, shi ne ya yi daidai da abin da yankin ke gani da ido. Wannan kuwa tun cikin gajeren fim ɗin 1975 yake.

Yau a Riyadh akwai mutum-mutumin Grendizer mai tsayin sama da mita 33, wanda aka kafa a 2022. Sabon shirin Grendizer U kuma ya fito a 2024, da hannun kamfanin Manga Productions na Saudiyya a ciki.