Bin Sawun Matsalar Rauta Tun Daga Tushe

A ƙauyukan arewacin Kano, daga Bichi zuwa Ɗambatta da Makoɗa, inda gona ke manne da gona, intanet ta sararin samaniya take isa gidaje. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001 turakun sadarwa ke ta yaɗuwa, har ta kai yau malamin makaranta a ƙauye kan ajiye wata 'yar na'ura da ake kira rauta. Ita dai rauta layin waya ake sa mata, ta kamo saƙo daga turke, sannan ta rarraba shi ga wayoyi da kwamfutocin gida ta hanyar Wi-Fi. Ranar da ta ƙi aiki, wataƙila ranar ce ake duba sakamakon jarrabawa ko ake cike takardun neman gurbin karatu, sai a yi asarar yini da kuɗin mota zuwa birni a kan gyaran da bai fi minti goma ba.

Manomin rani a yankin madatsar ruwan Watari ta Bagwai, idan ruwa bai iso fangalinsa ba, ba ya rushe fangalin. Yakan bi magudanar ne har ya gano inda ta toshe. Haka ake bin sawun matsalar rauta, gaɓa bayan gaɓa.

Gaɓar farko ita ce wuta. Yawancin rautocin gida bolt 12 suke sha. Idan batirin sola ya yi sanyi da almuru, ko aka yi amfani da cajar da ba tata ba, rauta kan riƙa mutuwa tana tashi da kanta, har a zaci saiti ne ya lalace.

Gaɓa ta biyu ita ce layi. Sai a cire shi a sa a cikin waya. Idan can ma bai buɗe intanet ba, to rauta ba ta da laifi: ko data ta ƙare, ko an rufe layin. Tun watan Disamba na 2020 gwamnatin tarayya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma layin da ke zaune cikin rauta shi aka fi mancewa da shi.

Gaɓa ta uku ita ce tsakanin turke da gida. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye igiyoyin rediyo, rufin kwano kuma yana mayar da su baya. Saboda haka rautar da aka ɓoye a ƙuryar ɗaki takan farfaɗo da zarar an ɗora ta a bakin taga mai fuskantar turke.

Sai an tabbatar da waɗannan ukun ake shiga gaɓa ta huɗu, wato saiti. Kowace rauta tana da shafin kanta, wanda ake buɗewa ko babu data. Adireshinsa yana rubuce a ƙasan na'urar, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. A nan ake duba abin da ake kira APN, wato sunan ƙofar da layi ke bi ya shiga intanet. Kowane kamfani da nasa. Alal misali, na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net. Idan aka sauya layi amma tsohon suna ya zauna, rauta za ta nuna sabis a cike, shafi kuwa ko ɗaya ba zai buɗe ba.

Har wa yau, rauta ce ke raba wa kowace na'ura lambar adireshi, ta wani tsari mai suna DHCP. Idan aka kashe shi bisa kuskure, kwamfuta kan laƙaba wa kanta lamba mai farawa da 169.254, wadda alama ce cewa ba a ba ta adireshi ba. Maganinsa kawai a sake kunna tsarin.

Gaɓar ƙarshe ita ce na'urar da ke hannu. Idan waya ɗaya ce ta ƙi alhali saura suna aiki, wataƙila tana riƙe da tsohuwar kalmar sirri. Sai a goge sunan rautar a wayar, a sake haɗawa. Bugu da ƙari, wasu rautoci suna watsa saƙo a zango biyu, gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na farkon ya fi ratsa bango, kuma akwai wayoyi da yawa da shi kaɗai suke gani.

A bayan rauta akwai wani ɗan rami da ake dannawa da tsinke, wanda ke mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta. Dannawar tana share kalmar sirri da duk saitin da aka yi da hannu, amma ba ta sayen data, ba ta kuma cajin batir. Don haka shi ne matakin ƙarshe, kuma kafin a kai gare shi ya kamata a kwafe saitin a littafi. Malamin kimiyya na iya mayar da wannan darasin aji: a sauya abu ɗaya tak, a gwada, a rubuta sakamako, sannan a matsa gaba.