Get Mai Buɗe Kansa: Ki Sa Baki Kafin Maigida Ya Saya

Uwargida, kin san wannan hon ɗin. Ƙarfe goma na dare, kin riga kin kwantar da yara, ga hadari ya haɗo ta gabas, sai ki ji maigida ya danna a ƙofar gida. Babu maigadi, babban yaronki yana makarantar kwana, dole ki lalubo hijabi a cikin duhu ki fita ki ja ƙarfen da ya fi ki nauyi. Don haka idan wata rana ya dawo Tambuwal daga Sakkwato ko Abuja yana zancen sanya wa get inji mai rimot, na san ba za ki ƙi ba. Sai dai yawanci a shagon mai walda ake gama wannan magana, tsakanin maza, alhali shi maigida sau biyu ko uku yake bi ta get ɗin a rana, ke kuwa ke da yaranki kuke wuni da shi.

Abin ba sabo ba ne a duniya. Tun a 1926 wani Ba'amurke mai suna C.G. Johnson ya ƙera injin buɗe ƙofar gareji a jihar Indiyana. Nasu ƙofofin sama suke yi su kwanta a ƙarƙashin rufi, shi ya sa gardamarsu ita ce ko a sayi mai jan sarƙa, mai arha da ƙara, ko mai bel ɗin roba wanda ba ya damun mai barci. Mu tamu matsalar daban ce, domin get ɗinmu a jikin katanga yake, rana ta dake shi, ƙura ta rufe shi.

Wanda ya fi dacewa da yawancin gidajenmu shi ne mai zamewa gefe a kan layin ƙarfe. Injinsa ɗaya ne, yana zaune a ƙasa, yana juya wani faifai mai haƙora da ke tura get ɗin. Ba ya cin filin tsakar gida, iska ba ta cika wahalar da shi ba, kuma tura shi da ƙarfi daga waje yana da wuya. Sharaɗinsa shi ne a samu katanga a gefe wadda tsawonta ya kai faɗin ƙofar. Babban abokin gabansa yashi ne. A lokacin hunturu layin yakan cika da ƙura, da damina kuma ruwa ya kwaso laka ya zuba, sai tayoyi su cije, inji ya yi ta nishi har ya gaji. Maganin ba ya wuce tsintsiya, amma a sani cewa sharar nan a kanki za ta faɗo. Kada kuma a bari yara su lafta wa haƙoran giris da sunan gyara, giris da ƙura idan suka haɗu sai su zama abin da ke cinye ƙarfe. Ki tambayi nauyin get ɗin tun kafin a sayi inji. Misali, samfurin D5 na kamfanin Centurion na Afirka ta Kudu an yi shi ne don get da bai wuce kilo 500 ba, masu waldarmu kuwa, Allah Ya yi musu albarka, suna ganin nauyi shi ne inganci.

Na biyu shi ne mai ganye biyu da ke buɗewa kamar ƙofar ɗaki. Yana da kyan gani, kuma idan irinsa ne a gidan tun farko ba sai an sake ƙera wani ba. Amma kowane ganye da injinsa, wato kuɗi biyu, gyara biyu. Ga kuma iskar farkon damina da muka sani a wannan yanki, wadda ke yaye kwanon rufi. Ganyen da aka rufe ruf da falle, kamar yadda muke so saboda sutura, iska tana kama shi ta jijjiga hinji da ginshiƙi. Ni dai ba zan ba ki shawararsa ba sai idan babu wurin zamewa. Na uku, mai naɗewa sama irin na shaguna, na gareji ne da ke cikin gida, kuma a tabbata yana da sarƙar ja da hannu.

Kowane iri aka zaɓa, tambayar farko ita ce ta wuta. An canza wa NEPA suna zuwa PHCN a 2005, an sayar da kamfanonin rarraba wutar a 2013, amma har yau kin san sa'o'i nawa take yi a unguwarku. Injin da ke aiki da wutar gari kai tsaye, da zarar an ɗauke ya zama gunki. A nemi mai batir a cikinsa, wanda wuta ko ƙaramin faifan sola ke yi wa caji. Zafin Afrilu, da kan haura digiri 40 a ƙasar Sakkwato, yana rage wa batir kwana, saboda haka a yi wa injin 'yar inuwa, a kuma sa kuɗin canjin batir a lissafi. Ko a Amurka sai da suka koyi wannan darasi. A gobarar daji ta 2017 a Kalifoniya akwai waɗanda suka rasa rayukansu saboda wuta ta ɗauke ƙofar gareji ta ƙi buɗuwa, har jihar ta wajabta batir a sababbin injuna daga Yulin 2019.

Wannan ya kawo mu ga ɗan makullin da ake sakin inji da shi a tura get da hannu. 'Yar'uwa, wannan makullin a ɗakinki ya kamata ya kwana, ba a jikin makullin motar maigida ba. Ki yi tunanin naƙuda ta taso tsakar dare, ko gobara ta kama a kicin, shi kuma yana Jega ko Kebbe. Ranar da aka kafa injin ki sa a nuna miki yadda ake sakinsa, ki gwada da hannunki sau biyu, ki koya wa kishiyarki da babbar 'yarki.

Sai maganar yara, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali. Yaro yana ganin get mai tafiya da kansa abin wasa ya gani, zai hau, zai zura hannu, zai yi tsere da shi. Bayan mutuwar yara da dama a ƙarƙashin ƙofofin gareji, Amurka ta wajabta na'urar kariya a duk injin da aka ƙera daga Janairun 1993. A Birtaniya kuma, a 2010, 'yan mata biyu masu shekara 5 da 6 suka rasu a tsakanin 'yan kwanaki, kowacce get mai zamewa ne ya matse ta. Na'urar wasu idanu biyu ne da ake kafawa a ginshiƙai suna kallon juna, duk abin da ya gitta sai get ya fasa rufewa. Masu sayarwa kan ware kuɗinsu daban, maigida mai neman sauƙi ya ce a bar su. Kada ki yarda. A kafa su ƙasa-ƙasa yadda za su ga mai rarrafe, a riƙa goge musu ƙura. Kafin a biya cikon kuɗin aiki, ki ajiye jarka a hanyar get ɗin a rufe a gabanki. Idan ya murƙushe ta bai ja da baya ba, aiki bai ƙare ba. Ki duba kuma ko an walda ƙarfen tsayarwa a ƙarshen layi, domin get da ya zarce layinsa faɗuwa yake yi, ko da inji ko babu.

Akwai kuma sutura. Iyayenmu sun gina zaure ne don kada mai wucewa ya ga tsakar gida, get kuwa idan ya wangale komai a fili yake, ke da kike wanki da 'yan matanki da ke tsefe kai. Injuna da yawa ana iya saita su su buɗe kaɗan daidai shigar mutum ɗaya, su kuma rufe da kansu bayan mota ta shige. Duk da haka a bar ƙaramar ƙofa ta daban saboda baƙi da almajirai da 'yan aike, kada a riƙa tayar da inji kan kowace sallama. Rimot kuma a nemi mai sauya lambar sirri duk lokacin da aka danna, idan ɗaya ya ɓata a sa a goge shi daga injin.

Tambaya ta ƙarshe da za ki sa maigida ya yi ita ce: wa zai gyara? Daga Tambuwal zuwa Sakkwato tafiya ce ta fiye da sa'a guda, kuma ba kowane mai gyaran wuta ne ya san cikin waɗannan injuna ba. Na Italiya irin su FAAC da Nice suna da suna, amma sunan ba zai buɗe miki ƙofa ba idan sai an yi odar kayansa daga Legas. A sayi wanda ake samun batirinsa da rimot ɗinsa a kusa, a karɓi lambar wanda ya kafa shi, ki ajiye ta a wayarki ke ma.