Ƙaramar motar kaya: ka tsare ta daga zafi, ka ba ta iska



Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, garake na Arewa suna ba da amfani. Dankalin turawa na fitowa a Dogondutsi. Albasa da tumatir na fitowa a fadamun Matankari da Kore Mairuwa da Tibiri. Rake da rogo na tahowa daga kudancin Dallol Mauri. Duk wannan kaya sai ya hau mota kafin ya zama kuɗi. Hanya kuwa da nisa: daga Dogondutsi zuwa Doso kusan kilomita 140 ne, zuwa Yamai ya fi 270.

Da can, Peugeot 404 mai rumfa, wadda muke kira bashe, ita ce jakin ƴan kasuwa. Iska na ratsa ta ko'ina. Yau ƙananan motoci rufaffu sun yi yawa, irin su Hiace da Kangoo da Partner. Da yawansu tsofaffi ne daga Turai, sun yi aikinsu na fari a ƙasashen sanyi. Idan kai ko koferatif ɗinku kuka sayi irin wannan mota, ku san akwatin ƙarfe kuka saya. A cikinta kaya za su yini, a cikinta kuma direba zai kwana daren kasuwa. Sai an gyara ta kafin ta yi wannan aiki biyu.

Rufi shi ne ƙofar zafi

A bazara, zafin inuwa yakan wuce digiri 40 a ƙasarmu. Mota rufaffa da ke tsaye cikin rana, cikinta na iya kai digiri 60. Mafi yawan zafin nan ta rufi yake shiga. Saboda haka daga bisa za ka fara.

Na ɗaya, ka shafa wa rufin farin fenti. Fari na mayar da hasken rana, baƙi na shanye shi. Wannan shi ne gyara mafi araha.

Na biyu, ka yi wa motar rufi na biyu. Mai walda zai ɗora falle guda na kwano bisa rufin, ya bar tsakani kamar yatsa uku, ya ɗaure shi gam da kusoshi. Iska za ta riƙa bi ta tsakanin. Wasu tsofaffin Land Rover haka aka ƙera su domin ƙasashe masu zafi. In ka tsaya a kasuwa ba inuwa, shimfiɗa zana ko tabarmar kaba a bisa, ka ɗaure ta da igiya.

Na uku, ka yi mata sili daga ciki. Ka liƙa farin soso irin wanda ke zuwa cikin kwalin firji, ka rufe shi da katako marar kauri. In babu soso, kwali ninki uku na taimakawa. Kada ka cusa auduga ko tsumma ko ƙaiƙayi. Suna riƙe danshi, ƙarfe ya yi tsatsa, ƙwari su samu gida. Duk wayar lantarki da za ta bi bayan sili, a sa ta cikin bututun roba saboda gobara.

Amfanin gona na numfashi

Albasa da dankali da tumatir ba su mutu ba don an cire su daga gona. Suna numfashi, suna fid da zafi da gumi. In iska ba ta kwashe gumin ba, ruɓa ta fara. Tumatir ya yi ruwa, albasa ta yi wari, ɗan kasuwa ya karya maka farashi.

Ka riƙe wannan: iska mai zafi sama take tafiya. Don haka mota na bukatar mashiga a ƙasa, da mafita a bisa. Ka sa a huda mashiga biyu a gefen gaba na ɗakin kaya, kowace kamar faɗin tafin hannu. A huda mafita a rufi, a yi mata hula don kada ruwan sama ya shiga. Kada a yanka ginshiƙan jikin mota, falle kawai za a huda. A shafa fenti a bakin yankan. A sa ragar ƙarfe saboda sauro da ɓera. Lokacin hunturu, ka ƙara ɗan ƙyalle bayan ragar ya tace ƙura.

Kada ka huda kusa da bututun hayaƙi. Kada kuma ka yi tafiya ƙofar baya a buɗe. Mota mai gudu tana jawo hayaƙinta da ƙura zuwa ciki ta baya.

Daɓen mota ma na ɗaukar zafi, domin bututun hayaƙi ta ƙarƙashinsa yake bi. Ka jera katakai, ka bar yatsa biyu tsakanin kowane biyu, buhu ya zauna bisansu. Tsakanin kaya da rufi ka bar taƙi guda. Dankali ba ya son haske: yana yin kore, koren nan kuwa ba ya ciyuwa. Ka rufe tagogi da buhun gwado. Ka yi lodi da maraice, ka tashi da asuba.

Karatunka zai yi maka rana

Kai da ka fito yaƙi da jahilci, buɗe takardar motar, wadda ake kira kart giris. Nauyin da aka yarda motar ta ɗauka yana rubuce. Ƙananan irin su Kangoo da Partner, yawanci tsakanin kilo 600 ne da 800. Ga misalin lissafi. A ce kilo 600 ne. Cire kilo 130 na mutum biyu. Cire kilo 70 na katakai da ruwa da kayan gyara. Saura kilo 400, wato buhu huɗu na kilo ɗari. Buhu na biyar riba ce a ido, amma taya da birki ne za su biya ta. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. A kafa shinge na ƙarfe bayan kujerar direba, don kada buhu ya faɗo masa in ya taka birki. A walda zobba a kusurwa huɗu domin igiya. Taki da maganin feshi ba su tafiya tare da abinci. In an ɗauki awaki, a wanke motar ta bushe kafin a sa kayan lambu.

Daren kasuwa

Gado ba wuya. Katako mai faɗi da ke naɗewa jikin bango ya isa. Ka ƙara tabarma da gidan sauro da bidon ruwa da tocila. Mai hali ya sa ƴar fanka mai aiki da batir na dabam, wanda allon hasken rana ke cikawa, don kada batirin mota ya kwanta.

Amma abu uku na kashe mutum cikin barci. Ka karanta su sau biyu.

1. Gawayi. Kada ka shigar da kaskon wuta ko murhun shayi cikin mota don jin ɗumi. Gawayi na fid da iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi.

2. Inji. Kada ka kwanta inji na aiki. Hayaƙinsa na ɗauke da wannan guba.

3. Maganin wake. Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa buhu tana sakin iska mai kisa. Kada ka kwana tare da buhun da aka sa wa ita, ko da ƙofa a buɗe. Buhu mai ninki uku, PICS, yana tsare wake ba tare da magani ba.

Mai na mota ma kada ya kwana ciki. In ka ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, fita nan take, fitar da abokinka, ku sha iska, ku nufi likita. Rigakafi ya fi magani.

Duk wannan gyara, mai walda da kafinta na garinku za su iya shi. Ku fara da farin fenti da mafitar iska, sauran ya biyo bayan cinikin fari. A taron koferatif mai zuwa, ka karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, maza da mata. Ka kira direbanku ya zauna kusa. Mai tambaya ya nemi mushen gona na yankinsa.

Allah ya kai kayanmu kasuwa lafiya, ya maido mu gida lafiya.